Kwana nawa baƙo zai yi kafin a yanke tallafi? Fashin baƙi kan dokar zaman tare a Birtaniya

Kwana nawa namiji zai yi a gidan mace kafin gwamnatin Birtaniya ta ɗauke su miji da mata, ta rage mata tallafi ko ta yanke shi baki ɗaya? Duk wanda ya zauna cikin masu karɓar tallafi a ƙasar ya ji amsar da ke yawo a bakin mutane: kwana uku a mako. Wai in bai wuce uku ba babu komai, in ya shiga na huɗu an faɗa hannun hukuma. Turawan ƙasar suna faɗa wa junansu, baƙin da suka zauna can ma sun ɗauka, har da namu Hausawa da ke Landan da Manchester da Birmingham. Maganar ba ta da tushe. Babu ita a dokar da majalisa ta yi, babu ita a littafin da jami'an ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, suke bi wajen yanke hukunci. Akwai wanda zai riƙa kwana huɗu a mako, doka ta ce har yanzu baƙo ne. Akwai direban babbar mota da ba ya samun kwana gida sai sau ɗaya a mako, doka ta ce maigida ne.

Wannan kuskure ya jefa mutane da yawa cikin bashin dubban fam, wasu kuma tsoro ya sa sun hana uban 'ya'yansu ko mahaifiyarsu kwana a gidan ba gaira ba dalili. Shi ya sa ya kamata a warware shi dalla-dalla.

Wane tallafi ake magana a kai?

Tallafin Birtaniya kashi biyu ne. Akwai wanda ake ba mutum saboda halin da shi kansa yake ciki ko saboda gudunmawar da ya biya lokacin da yake aiki, kamar fanshon gwamnati da kuɗin PIP na masu nakasa ko doguwar jinya. Wannan ba ruwansa da albashin abokin zama. Sai kuma wanda ake auna ƙarfin gida kafin a bayar, kuma a nan ne rigimar take. Babbansu shi ne Universal Credit, wanda dokar garambawul ta 2012 ta kafa lokacin da Iain Duncan Smith ke riƙe da ma'aikatar, aka fara biyansa a 2013. Ya haɗe tsofaffin tallafi shida wuri ɗaya, ciki har da na haya da na marasa aiki da na yara. Tsofaffi marasa ƙarfi kuma suna da nasu mai suna Pension Credit.

Sashe na 39 na waccan doka ya ce mutum biyu suna zama ma'aurata ta hanya biyu. Ko dai suna da aure da doka ta amince da shi kuma gidansu ɗaya, ko kuma ba su da auren amma suna zaune tare kamar masu aure. Da zarar an shiga ɗaya daga cikin biyun, ba a yarda kowa ya nemi tallafi shi kaɗai ba. Dole su nema tare, a haɗa albashinsu, a haɗa ajiyarsu, kowannensu ya sa hannu a kan sharuɗɗan neman aiki, kuma a bisa al'ada asusun banki ɗaya ake zuba kuɗin duk wata.

Me ya kai gwamnati bakin ƙofar ɗaki?

Tsarin ya samo asali ne daga rahoton William Beveridge na 1942, wanda aka gina a kan cewa miji ke fita nema, mata tana gida yana ciyar da ita. Daga nan sai tambaya ta taso: idan matar aure ba za ta samu tallafi ba saboda mijinta yana da albashi, yaya za a yi da wadda ke zaune da namiji mai albashi ba tare da aure ba? In aka ba ta, an fifita zaman dadiro a kan aure ke nan, kuma an koya wa mutane cewa ƙin ɗaura aure ya fi riba. Don haka tun dokar 1946 aka ce macen da mijinta ya rasu za a dakatar da kuɗinta muddin tana zaune da wani namiji kamar matarsa, kuma a 1966 aka rubuta irin wannan ƙa'ida cikin dokar tallafin marasa galihu.

Aiwatar da ita ne ya zama abin kunya. A shekarun 1970 jami'an bincike suna laɓewa a mota da asuba su ga wane ne zai fito daga gidan bazawara, suna tambayar maƙwabta. A Amurka abin ya fi haka muni. Jihar Alabama ta yi ƙa'idar cewa duk namijin da ke hulɗa da uwar yara, ko a gidanta ko a waje, an ɗauke shi madadin uba, sai a yanke wa yaran tallafi. Wata mata mai 'ya'ya huɗu ta kai ƙara, domin mutumin da aka laƙaba wa 'ya'yanta yana zuwa ne ƙarshen mako kawai, kuma yana da tasa matar da nasa 'ya'yan. A 1968 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar King da Smith, ta rushe ƙa'idar. Birtaniya ba ta rushe tata ba. Ta dai gyara yadda ake aiki da ita, ta bar wa kotuna su fayyace ma'anar zama kamar masu aure. Tun watan Disambar 2005 kuma ƙa'idar ba ta duba ko mutanen biyu jinsinsu ɗaya ne ko daban.

Alamomin da jami'i ke dubawa

Shari'ar da har yau ake komawa gare ta ita ce ta wasu masu neman tallafi biyu, Crake da Butterworth, wadda alƙali Woolf ya yanke aka wallafa a 1982. A cikinta aka amince da alamomi shida da jami'i zai duba, kuma aka ja kunne cewa alamomin hanya ne kawai, babu ɗaya da ke yanke hukunci ita kaɗai.

Ta farko ita ce ginshiƙi: shin gidansu ɗaya? A nan ba gini ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne abin da mu muke kira cin tukunya ɗaya. Wa ke cefane, da kuɗin wa? Tare ake girki ana ci, ko kowa da nasa? Ina tufafinsa suke, ina ake aiko masa wasiƙa, wane adireshi ya ba banki da likita da wurin aikinsa da kamfanin inshorar motarsa? Yana da wani wurin da yake biyan haya da kuɗin wuta, kuma da gaske yake zama a can? Mutum biyu na iya zama ƙarƙashin rufi ɗaya su kasance gida biyu, kamar mai gida da ɗan haya. Sannan hukunce-hukuncen da suka gabata sun nuna cewa mutum ba ya zama ɗan gida biyu a lokaci guda. Idan an tabbatar cewa yana da nasa gidan na haƙiƙa a wani wuri, magana ta kusa ƙarewa, ko da yana yawan kwana. In kuwa adireshin da yake bayarwa na wani ɗan'uwa ne da bai taɓa ajiye ko buroshin haƙori a can ba, wannan ba zai cece shi ba.

Sauran biyar su ne ɗorewar zaman, yadda suke tafiyar da kuɗi tsakaninsu, ko akwai mu'amalar aure, ko suna da 'ya'ya ko suna renon yara tare, da kuma yadda suke gabatar da kansu ga jama'a. Kowacce tana da kaifi biyu. Samun mu'amalar aure bai isa hujja ba, rashinta ma bai wanke mutum ba, tunda akwai tsofaffin ma'aurata da suka daɗe da barin wannan. Haka batun kuɗi. Mace na iya cewa ko kwabo ba ya ba ta, jami'i ya amsa cewa akwai mazajen aure da yawa da ba sa bayarwa kuma auren na nan. Wannan amsa tana da zafi, domin tana nufin za a iya yanke wa mace tallafi bisa albashin da ba ta taɓa gani ba.

Labarin ita Butterworth ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Mummunan haɗari ta yi ta kasa yi wa kanta hidima, sai wani abokinta na shekaru ya dawo gidan don ya kula da ita, yana kwana a nasa ɗakin. Ofis ya ce miji da mata ne. Kotu ta ce dole a tambayi dalilin da ya haɗa su gida ɗaya, domin jinya da tausayi da abota duk dalilai ne da ba aure ba. A 2013 kuma alƙali Jacobs na babbar kotun sauraren ƙararrakin tallafi, a wata shari'a da ta shafi ƙaramar hukumar Basildon, ya ƙara da cewa alamomin shida sun fi karkata ga abin da ido ke gani, alhali abin da ke bambanta ma'aurata da abokan zama shi ne shaƙuwar zuciya da ɗaukar juna a matsayin abokan rayuwa. Gaskiya ya faɗa. Amma a duba nauyin da aka ɗora wa ma'aikacin ofis: daga takardun banki da hirar awa ɗaya ake so ya gano abin da ke zuciyar mutum biyu.

To ina matsayin kwana?

Dalilin da maganar kwana uku ta kama baki a fili yake. Huɗu ya fi rabin bakwai, kuma mutum mai tsoro yana son a ba shi lamba ya riƙe. Yawan kwana yana cikin abin da za a tambaya, tunda yana nuna inda mutum ya fi zama, amma shaida ɗaya ce cikin shaidu. Wanda ke kwana biyu kacal amma shi ke biyan kuɗin wuta, sunansa ne a kan intanet ɗin gidan, shi ke kai yara makaranta, kuma duk unguwa ta san shi da maigidan, lissafin kwana ba zai fitar da shi ba. Ko tafiya ya yi, doka tana ci gaba da ɗaukarsu ma'aurata muddin rabuwar ta ɗan lokaci ce, sai fa idan ta wuce wata 6 ko ana sa ran za ta wuce.

Gwamnati na da hujjar ƙin sa lamba: in ta ce uku, kowa zai tsara rayuwarsa a kan uku. Sai dai akwai ƙasar da ta gwada wani abu tsaka-tsaki. A Jamus, idan mutum biyu sun wuce shekara 1 suna zaune tare, ko suna da ɗa tare, ko ɗaya na da ikon taɓa kuɗin ɗaya, doka tana ƙaddara cewa suna ɗaukar nauyin juna, sai su kawo hujjar akasin haka. A Birtaniya babu irin wannan wa'adi. Ranar da aka tare, ranar ce ake fara lissafi.

Abin da ake asara a aljihu

A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, wanda ya kai shekara 25 kuma shi kaɗai ne yana samun fam 400.14 a wata a matsayin kason asali. Ma'aurata suna samun fam 628.10. Mutum biyu da kowannensu ke karɓa daban, in suka haɗu sun rasa kimanin fam 172 kowane wata. Wannan ba shi ne babban ciwon ba, domin haya ɗaya da wuta ɗaya sun fi biyu sauƙi.

Ciwon yana zuwa ne idan ɗaya na aiki. A ɗauki misalin uwa mai yara da ba ta aiki, tana karɓar tallafin haya, sai ta haɗa gida da mai ɗaukar fam 1,800 a wata bayan haraji. Kason asalinta zai ƙaru da kusan fam 228. Daga albashinsa za a ƙyale fam 411, sauran kuma a cire kwabo 55 daga tallafin a kan kowane fam, wato kusan fam 764. A ƙarshe tallafin ya ragu da kimanin fam 536 a wata. Idan aka shekara biyu ba a sanar ba, bambancin nan kaɗai ya haura fam 12,000, kuma duk za a nema.

Ajiya ta fi ban tsoro. Wanda ajiyarsa ta wuce fam 6,000 ana fara rage masa, in ta wuce fam 16,000 babu Universal Credit sam. Iyakar nan ɗaya ce ga gwauro da ga ma'aurata. Mace mai nakasa da ba ta iya aiki, in ta tare da wanda ya tara fam 17,000 don sayen gida, tallafinta ya tafi gaba ɗaya, sai PIP kaɗai ya rage mata. Daga ranar, kuɗin sabulu ma sai ta roƙa. Haka tsohon da ya kai shekarun fansho ya auri wadda ba ta kai ba: tun 15 ga Mayun 2019 ba a barin irinsu su shiga Pension Credit sabo, sai Universal Credit, wanda kuɗinsa bai kai ba ko kusa.

Abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: kuɗin kula da yara da uba ke bai wa tsohuwar matarsa ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Uba na iya biya, ya zo ya ga 'ya'yansa, ya yi musu sayayya, har ya kwana ranar da yaro ba shi da lafiya, duk wannan bai mayar da shi miji ba.

Inda abin ya taɓa namu

Mai karatu na iya cewa wannan matsalar masu zaman dadiro ce, mu da addini ya hana mu ina ruwanmu. Akwai ruwanmu, ta fuskoki da dama.

Auren da aka ɗaura a Kano ko Zinder bisa ƙa'idar can, Birtaniya tana amincewa da shi. Idan miji yana gida Najeriya ko Nijar, matar tana Ingila da yara, gidansu ba ɗaya ba ne, don haka za ta nema ita kaɗai. Amma auren da aka ɗaura a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaura aure a Ingila, ba tare da an yi na hukuma ba, kotu ba ta ɗauke shi aure ba. Wannan ba ya hana DWP lissafa su ma'aurata, tunda suna zaune kamar masu aure. Wanda ya ce ai ba mu yi rajista ba, don haka kowa ya nemi nasa, ya shiga zamba ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma irin auren da muka sani da ɗauki-sandanka, inda matar ke zaune a gidanta miji yana zuwa. A idon dokar tallafi, in da gaske yana da nasa gidan da tasa tukunyar, tana iya kasancewa mai nema ita kaɗai. Amma a nan ne jami'i zai fi zurfafa tambaya, domin alamomin ɗorewa da 'ya'ya da sanin jama'a duk suna nan, saura ta gida kawai. Wanda ya auri mace fiye da ɗaya a ƙasar da ta halatta hakan kuma duk suna gida ɗaya, ƙa'idojin Universal Credit na 2013 sun ce shi da uwargida ne ma'aurata, amarya ta nema ita kaɗai. Irin wannan gida ba shi da yawa, domin tun 1988 dokar shige da fice ta toshe hanyar kawo mata ta biyu da bizar aure.

Sai idda. Mace an sake ta, tana zaune a gidan har ta gama, ko kuma tsadar haya ta hana mijin samun wurin komawa, abin da ya zama ruwan dare a Landan. Doka ta yarda mutum biyu su rabu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, amma sai rabuwar ta bayyana a aikace: ɗaki daban, kuɗi daban, girki da wanki daban. Matar da ke ci gaba da dafa masa abinci yana ba da kuɗin cefane kamar yadda aka saba a lokacin idda, da wuya ofis ya yarda cewa gidan ya rabu biyu. Gara ta rubuta ainihin halin da ake ciki a shafinta na Universal Credit, da ranar da aka yi sakin, ta bar jami'i ya yanke.

Batun biza shi ne ya fi yawa a cikinmu. Ɗalibai da ma'aikatan kula da tsofaffi da suka zo daga Najeriya, bizarsu na ɗauke da sharaɗin cewa ba su da haƙƙin cin tallafin gwamnati. Idan irin wannan ya auri wadda ke da takardar zama ta dindindin, ita za a biya ta kason mutum ɗaya, amma a lissafa albashinsa da ajiyarsa kamar na ma'aurata. An ɗauki nauyin aure an ɗora mata, ba a ba ta kason aure ba. Duk wanda ke cikin wannan hali ya nemi shawarar masanin dokar shige da fice kafin ya cike komai, domin kuskure a nan na iya taɓa bizar kanta.

Baƙon da ba masoyi ba

Uwa ta zo daga gida don wankan jego, ƙani ya sauka kafin ya samu ɗaki, aminiya ta rabu da mijinta ta fake na 'yan makonni. Babu ɗayansu da ke shiga dokar ma'aurata, kuma ba a haɗa kuɗinsu da na mai gida. Tambayar da ake yi a kansu ita ce ko nan ne mazauninsu na yau da kullum. Uwar da ta zo da bizar ziyara, gidanta na Katsina yana jiranta, baƙuwa ce. Ƙanin da ya shekara ba shi da wani wuri ya zama ɗan gida, kuma in ya kai shekara 21 ana cire wani kaso duk wata daga tallafin haya, wanda a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya kasance fam 93.02, sai dai in akwai dalilin keɓewa, kamar mai gidan na karɓar kason hidimar yau da kullum na PIP.

Harajin gida na ƙaramar hukuma ma haka yake. Babban mutum da ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, kuma rangwamen ba ya faɗuwa don wani ya kwana, sai in gidan ya zama babban mazaunin wancan. Mai nakasar da ke buƙatar wani ya riƙa kwana yana kula da shi kuwa, doka ma tana iya ba shi ƙarin ɗaki a lissafin haya saboda mai jinyar. Takardar haya ita ma a duba ta, don wasu masu gida suna sa nasu sharaɗin kan daɗewar baƙo, wanda ba shi da alaƙa da DWP.

Idan wasiƙa ta zo

Bincike yakan fara ne daga tsegumi, domin akwai layin waya da kowa zai iya kira ba tare da faɗin sunansa ba, kuma tsohon miji mai jin haushi ko maƙwabcin da aka yi faɗa da shi sun san da shi. Ko kuma kwamfuta ta gano sunan wani a adireshin, daga bayanan kamfanonin bashi ko rajistar masu zaɓe. Hotunan Facebook ma suna shiga fayil.

Yadda irin wannan bincike ke kuskure ya fito fili a 2016. Hukumar haraji ta ba kamfanin Concentrix na Amurka kwangila a 2014 ya zaƙulo masu ɓoye abokan zama a tsohon tallafin yara. Kamfanin ya tsayar ko ya rage kuɗin mutane kusan 108,000, daga baya aka mayar wa kimanin kashi ɗaya cikin uku. An zargi mata da zama da tsofaffin 'yan hayan da suka bar gidan tuntuni, wasu ma da mutanen da suka rasu. Iyaye mata sun yi makonni ba kuɗin abinci kafin a soke kwangilar a ƙarshen shekarar.

Wanda aka zarga yana da haƙƙoƙi. In tun farko an amince masa a matsayin mutum ɗaya kuma ofis ne ke son canjawa, nauyin kawo hujja yana kan ofis. Yana da wata 1 ya nemi a sake duba hukuncin, in ba a canja ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun tallafi mai zaman kanta, kyauta. Takardar hayar wancan mutumin, da kuɗin wutarsa, da harajin gidansa, su ne shaidun da suka fi nauyi. Idan aka kira mutum hirar da ake naɗa bayan an yi masa gargaɗin cewa maganarsa na iya zama hujja a kotu, kada ya je sai ya ga lauya ko ya tuntuɓi ƙungiyar ba da shawara kyauta ta Citizens Advice. Hukuncin yana farawa daga tarar fam 50 ga wanda ya yi sakaci, zuwa tarar rabin kuɗin da aka biya fiye da ƙima, wadda ba ta gaza fam 350 ba kuma ba ta wuce fam 5,000 ba, har zuwa gurfanarwa da ɗauri ga wanda ya shirya zamba da gangan. Kuɗin da aka biya bisa kuskure kuwa, a Universal Credit ana karɓarsa ko da laifin na ofis ne.

Masu goyon baya, masu suka, da inda na tsaya

Masu kare dokar suna cewa kuɗin mai biyan haraji ne, kuma bai dace matar mai albashi mai tsoka ta karɓi tallafin talaka ba don kawai ba su je rajista ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ga yadda za a auna ƙarfin gida ba tare da an san su wane ne 'yan gidan ba. Masu suka sun fito daga ɓangarori biyu da ba su saba haɗuwa ba. Masu ra'ayin riƙau suna cewa tsarin yana hukunta iyayen da suka zauna tare, yana saka wa waɗanda suka rabu. Ƙungiyoyin mata da na masu nakasa kuma suna cewa yana tilasta wa mai rauni dogaro da wanda doka ba ta wajabta masa ciyar da ita ba. A 2018 kwamitin majalisa mai kula da ayyuka da fansho ya yi gargaɗin cewa zuba kuɗin gida duka a asusu ɗaya yana ba miji mai cin zali makami. Ana iya roƙon a raba, amma matar da ke tsoron mijinta ta san zai gani a wata mai zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne baki biyun da hukuma ke yi. Nasreen Akhter an ɗaura mata aure a 1998 a wani gidan abinci da ke yammacin Landan, ta haifi 'ya'ya huɗu, amma a Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a idon dokar Ingila ba a yi auren da zai ba ta haƙƙin rabon dukiya ba. Da ta nemi tallafi a shekarun da suke tare, da an lissafa mata albashin mijin har kwabon ƙarshe. Siobhan McLaughlin ta Ireland ta Arewa ta shekara 23 da uban 'ya'yanta huɗu ba tare da aure ba, ya rasu a 2014, aka hana ta tallafin iyayen da aka mutu aka bari. Sai da ta kai kotun ƙoli ta yi nasara a Agustan 2018, kuma sai a Fabrairun 2023 gwamnati ta gyara dokar, gyaran ma ga masu 'ya'ya kaɗai.

A ganina gyara biyu za su rage cutarwar ba tare da an buɗe ƙofar zamba ba. A ba sababbin masu haɗa gida wa'adi, kamar shekarar da Jamus ke bayarwa, kafin a haɗe lissafinsu gaba ɗaya. Sannan kason da ake ba mutum saboda rashin lafiyarsa ya zama nasa, a asusunsa, ko da wa ya aura. Kafin a kai nan, 'yar'uwarmu da aka ɗaura wa aure a Ingila ba tare da rajista ba ta sani cewa DWP za ta kira ta matar aure tun daga ranar tarewa, amma in mijin ya rasu ba su haihu ba kuma ba ta da ciki, ofis ɗin nan ba zai ba ta kuɗin ta'aziyyar da yake ba matan aure ba. Rajistar auren a ofishin ƙaramar hukuma ita ce ke rufe wannan giɓi, kuma ba ta rage komai daga auren da limami ya ɗaura.